Yadda Za Ka Yi Tanadin Shekara Kafin Ƙwaro, Ɓera Da Dangi Su Ji Labari

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa ka sayi hatsi da mai da gishiri ba. Duk wanda ya riƙe gida a Rano ko Kibiya cikin 'yan shekarun nan ya wuce wannan aji. Ya ga Afrilun 2020, da aka kulle Jihar Kano saboda korona, azumi kuma ya kama a cikin kullen. Ya ga farkon 2023, da canjin kuɗi ya bar mutum da dukiyarsa a banki yana roƙon mai shago ya ba shi Maggi bashi. Ya ga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, kuɗin mota zuwa Kano ya tashi kafin mutane su gama jin labarin a rediyo. Ya ga dokar hana fita ta 1 ga Agustan 2024, ya kuma ga Oktoban da ya biyo baya, da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai irin wannan tarihi ya san abin da ake ajiyewa. Damuwarsa ita ce abin ya kai ranar da aka ajiye shi dominta. Nawa na bara bai kai ba. Tun dawa ba ta yi ciki a gona ba muka ga gindin buhu, kuma na san waɗanda suka ci: akwai masu ƙafa shida, akwai masu huɗu, akwai masu biyu da suka shigo da sallama.

Na ɗaya. Ka yi lissafi da kwano, kada ka yi da ido. Buhu kwano arba'in ne. Gidan da ke cin kwano ɗaya a rana, buhu tara da ɗan ɗori ne abincinsa na shekara. To amma wa ya gaya maka gidanka kwano ɗaya yake ci? Masu kwana a gidan ka ƙirga. Ba ka sa almajirin gida ba. Ba ka sa 'yarka da za ta zo goyon ciki ta zauna har ta yi arba'in ba. Ba ka sa surukinka da zai taho daga Tarai ganin likita ya ga gidanka ya fi kusa da asibiti ba, balle masu zuwa gaisuwa daidai lokacin da ake kwashe tuwo. Duk abin da lissafi ya ba ka, ka ɗora masa sulusi, sannan ka ce Allah ya sa ya isa.

Na biyu. Da kaka ake tanadi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka gama sussuka, ƙaiƙayi bai bar jikinka ba mai saye ya iso bakin zaure da mota da ɗaurin kuɗi. Hatsinka ya kama hanyar kasuwar Dawanau, kai kuma a tsakiyar damina ka koma kasuwa kana taya ɗan'uwansa kwano-kwano. Na san bashin taki yana jira, kuɗin makaranta yana jira, bikin da aka ɗaga zuwa bayan kaka shi ma yana jira. Duk da haka ga tsarin: in ya kai nisabi ka fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda ka shayar da inji da kuɗinka. Sannan ka ware na ci. Abin da ya rage bayan nan shi ne na kasuwa.

Kakanninmu da suka ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin waɗanda suka rayu cikinta, suka kuma ga farin 1973 da idonsu, dami suke ɗaurewa su jera a rumbu, domin hatsi a zangarniyarsa ya fi sussukakke daɗewa. Shawarar da Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya ba mutanen Masar ke nan tun can. Mu kuwa mun rushe rumbu mun gina shago a gurbinsa, muna jibge buhuna a ɗakin kwana. In kana da rumbu har yanzu, ka yaɓe shi, ka sabunta jinkarsa kafin ruwan farko, kada ka saurari mai ce maka ƙauyanci ne.

Na uku. Ƙwaro. A nan zan daɗe, domin shi ya fi ƙona mini rai.

Wake ba ya zuwa gida shi kaɗai. Tun daga gona yake tahowa da ƙwayayen ƙwaro a jikinsa, ido ba ya gani. Ka auna shi fes, fari tas, ka ɗinke buhu kana jin ka gama da maganar alala da ƙosai har azumi. Bayan wata uku ka kwance bakin buhun, ka zura hannu, ɗumi ya tare ka. Ka ɗebo tafi guda, kowace ƙwaya da ƙofa biyu ko uku, gari yana zuba ta tsakanin yatsunka, masu gidan kuma suna tashi suna sauka a gemunka ba ko kunya. A zuba a ruwa, rabi ya taso sama. A daure a yi ɗanwake da shi, yara su ɗanɗana su ture kwano. Kai ka yi huɗa, kai ka yi noma, kai ka sayi maganin feshi, kai ka biya masu roro, sai wata halitta da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba ta shiga ta haihu ta yi jikoki a cikin guminka.

Maganinsa abu biyu ne, bushewa da hana iska. Ka shanya hatsi a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙayau. In kana shakka, ka zuba ɗan tafi a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka girgiza, ka bar shi ya ɗan jima. Gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar rana. Wannan ya shafi masara da gyaɗa musamman, domin in suka yi fumfuna suna haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Bayan bushewa sai buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ka matse iska, ka ɗaure kowace leda da bakinta daban. Ƙwaron da ke ciki zai shaƙe abin da ya rage ya mutu, babu ko ɗigon magani. In babu buhun, tsabtatacciyar jarka da ba ta taɓa ɗaukar fetur ba, a cika ta har wuya a ɗaure murfi tam, aikin ɗaya ne.

Sai dai kowane gida akwai mai buɗewa ya duba. Duk Juma'a sai ya kwance leda ya leƙa ko ƙwaron ya mutu. Bawan Allah, kai kake ba shi numfashi! A ware na ci a ƙaramin mazubi, babban buhu kuma a manta da shi har ranarsa.

Masu zuba fiya-fiya a wake kuwa, ku ji tsoron Allah. Wannan ba raha a ciki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a jikinsa. Waken da aka ƙi a can bai ɓace ba, cikin 'ya'yanmu ya shiga. Haka ƙwayar Phostoxin da ake turawa cikin buhu: hayaƙin da take fitarwa yana kashe mutum kamar yadda yake kashe ƙwaro. Kada ka sa ta a buhu ka jingine a ɗakin da yara suke kwana. Na ga ana yi, kuma in ka yi magana a ce haka kowa yake yi.

Ɓera ma a na ukun yake, domin tare suke aiki. Shi zai huda ledar da ka sha wahalar ɗaurewa, iska ta shiga, ƙwaro ya farfaɗo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, don haka kada ka ajiye buhu a ƙasa ko ka jingina shi da bango. A ɗora a kan katako ko bulo, a bar tazarar da tsintsiya za ta wuce, wanda ya samu duron ƙarfe mai murfi ya huta. Abin ya wuce ɓarnar hatsi, domin fitsari da kashin ɓera a kan abinci su ne hanyar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da ɗakunanmu suke cike. Kada ka dogara da kyanwa. Kyanwar yanzu ta saba da ƙashin kifi da sauran taliya. Tamu tana kwance a kan buhun masara, ɓera ya wuce ta gabanta da ƙwaya a baki, ta buɗe ido ɗaya ta mayar ta rufe. Da magariba kuma ita ce ta farko a bakin murhu tana kuka a ba ta haƙƙinta.

Na huɗu. Kayan miya. Maigida, wannan ba fagenka ba ne. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir da ta tattasai tun suna araha a Kwanar Gafan, daddawa, kanwa, tsamiya, ƙuli-ƙuli, manja da man gyaɗa. Ka miƙa wa uwargida kuɗin ka yi shiru. Tuwo babu miya horo ne.

Na biyar. Yadda za ka shigo da kaya gida ba tare da gari ya sani ba.

Babu yadda za ka yi. An gwada bayan isha'i, an gwada kafin asuba, an gwada ta ƙofar baya. Ɗan acaɓan da ya ɗauko buhun zai tsaya wurin mai shayi a kan hanyarsa ta komawa. Mai injin niƙa ya san wanda ya koma kawo kwano uku bayan ya saba kawo ɗaya. In duk waɗannan suka rufa maka asiri, ɗanka na cikinka zai sanar a Islamiyya cewa Babansu ya cika ɗaki har ba wurin shimfiɗa tabarma.

Washegari da hantsi sai ka ji siririyar murya a zaure. Yaro ne ɗan shekara bakwai, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya haddace saƙon tsaf: "Baba, wai in ji Goggo tana gaishe ka, wai ya gajiya, wai ta ji an kawo kaya Allah ya sa albarka, wai a sam mata ɗan na kunu." Ɗan na kunu! Robar da ya ɓoye a bayansa kuwa, a yi wa jariri wanka a ciki har ya yi iyo. Kafin ya fita na Yaya Babba ya shigo da tasa. Kafin azahar maƙwabcinka ya tare ka a ƙofar masallaci: "Malam, kwano biyar kawai, da an yi albashi zan mayar." Kai ka san albashin, shi ma ya san ka sani. Da yamma wata da kakarku ɗaya da kakar mijinta ta zo daga Rurum, ta zauna ana hira har aka kira magariba, ba ta roƙi komai ba, ta dai ambaci cewa rabonsu da ɗora tukunya tun shekaranjiya.

To ka ce mata me? Goggon nan ita ta goya ka ranar da mahaifiyarka take kwance. Maƙwabcin nan, lokacin kulle, matarsa ce ta miƙo muku garin tuwo ta kan katanga ranar da kasuwa take rufe. A ƙasar nan babu wanda ya tsallake mugun lokaci da abin da ke ɗakinsa kaɗai. Na ji ana ba da labarin mutanen Amurka masu haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa su cika shi da abincin gwangwani su kulle kansu. A Kibiya ka gwada haka, in ka fito ba ka da mai zuwa jana'izarka.

Abin da za ka yi shi ne ka raba tun ranar farko. Buhun gida daban, buhun jama'a daban, a wani ɗaki daban, da kwanon awonsa ƙarami. Duk mai sallama daga nan za a ɗebar masa, da fara'a, ba tare da gori ba. Ranar da ya ƙare ka ce ya ƙare, kuma gaskiya ka faɗa. Abin da ke rusa tanadi shi ne a riƙa ɗiba daga buhu ɗaya ana cewa ai kaɗan ne.

Na shida. Ruwa. Masu aikin agaji na duniya sun ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana, sha da girki da tsabta, lita 15 ne. Gida mai mutum goma lita 150 ke nan, jarka shida ta 'yan garuwa, kullum, ba a sa akuya da wankin makaranta ba. Madatsar Tiga tana nan kusa da mu tun 1974, ruwanta yana shayar da shinkafar Kura da Bunkure, amma ranar da injin burtsatse ya tsaya don babu wuta babu mai, ba ta cika randar kowa. Sai ka ga yara da jarkoki a layi tun asuba, mai kura ya ninka kuɗi yana kuma yi maka yanga. Ka samu duro biyu masu murfi, ka riƙa juya ruwan kada ya kwana biyu ya yi gansakuka, na sha a tafasa in ana shakkarsa. Rijiyar gidan da aka mayar wurin zuba shara, a yashe ta. Da damina a tari na indararo bayan ruwan farko ya wanke rufi.

Na bakwai turmi ne. Kana da buhu tara, mai niƙa ya ce babu mai, me ka ajiye? Tsakuwa. Gari ba ya daɗewa, don haka ba za ka niƙa na wata uku ka jibge ba. A bar turmi da taɓarya a gidan, a kuma tabbata akwai wadda ta iya riƙe su, domin 'yan matan yanzu in suka yi luguden minti biyar sai a nemo man zafi. Itace da gawayi da kara a tara su tun rani a inda ruwa ba ya taɓawa, wanda ya taɓa hura ɗanyen itace a watan Agusta ya san dalili.

Na takwas, ko na tara, ku ƙirga da kanku, raina ya fara ɓaci. Tsabar kuɗi. Ƙananan takardu, 'yan ɗari da 'yan ɗari biyu, a wurin da kai da uwargida kaɗai kuka sani. Mun ga lokacin da mai POS ya fi hakimi jama'a a ƙofa, mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa, manomi ya karyar da buhu don kawai mai sayen yana da takarda a hannu, ana cewa an tura, waya tana cewa ba ta gani ba, mai tumatir yana riƙe da rigarka. Akuya biyu a turke ma ajiya ce, ba ta jiran sabis. Maganin hawan jini da na ciwon suga na tsofaffin gida, a riƙa sayen na gaba kafin na hannu ya ƙare, a duba ranar lalacewarsa. Gudawa ta kama yaro da dare babu hanyar fita: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kafin a kai asibiti. Ashana. Batir. Rediyo. Fitila mai cajin rana. Sabulu. Gishiri na ce ba zan faɗa ba, ga shi na faɗa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ne masu noman. Daga Rano zuwa Kibiya zuwa Bunkure, dawa da masara da shinkafa da gyaɗa da wake a ƙasarmu suke fita, a kan idonmu ake loda su a manyan motoci. Ta yaya gidan da ya noma abin da ya ciyar da birni zai wayi gari a watan Agusta yana aika yaro da roba? Kowace shekara sai mun yi mamaki kamar ba mu taɓa ganin damina ba, alhali watan da abinci yake yankewa sananne ne, ba ya sauya wuri a kalanda.

Kada kuma wani ya fake da wannan rubutu ya ce na ce a ɓoye abinci. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, lokacin da mutane suke kuka da tsada. Wanda ya tara don ya jira talaka ya galabaita sannan ya buɗe, hisabinsa daban. Da farashin hatsi ya faɗo a 2025, irinsu da yawa sun ƙirga asara. Wanda ya ajiye don bakin iyalinsa bai yi asarar komai ba, tuwonsa ya ci, ko buhu ya hau ko ya sauka. Ya tabbata cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan ware wa iyalansa abincin shekara, don haka mai ce maka tanadi rashin tawakkali ne, ka ce ya koma makaranta.

Mai albashi da ba ya noma, kada ka ce wannan ba taka ba ce. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a unguwa, ku yi adashi tun rani, da kaka ku sayi buhuna a hannun manomi ku raba. In buhu ya fi ƙarfinka, kwano biyar duk wata ma ajiya ce, kuma ajiya maganin wata rana. Kai kuma manomi, kafin mai saye ya shimfiɗa tabarma a zaurenka, ka tabbata na gida sun shiga ɗaki an ɗaure, na Goggo ya shiga nasa ɗakin, an sa kwaɗo. Makullin ka ba uwargida. Kai in aka durƙusa aka ce maka Baba, buɗewa za ka yi, ita kuwa ta iya cewa "wallahi ya ƙare, a gaishe ta" a rabu ana dariya.